Akuyar da Ta Kai Ni Aji Biyu

Da furfurata na shiga makarantar manya a Mabera, bayan na aurar da 'ya'ya, don na gaji da miƙa wa mutane waya su karanta mini saƙona. Malamarmu ta Turanci 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, yarinya mai haƙuri, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba.

Da ƙarshen zango ya matso ta ce duk wadda ba ta raba kalmomin in da on ba, aji ɗaya za ta maimaita. Ni kam na raba su tun a madafa: tuwo in tukunya, murfi on tukunya. Ban ga mai zaunar da ni baya ba.

Ranar gwaji ta rubuta a allo cewa wani yaro yana zaune, ta bar gurbi, sannan tabarma. Na miƙe zan karanta, sai idona ya faɗa kan sunan yaron. Sunan ɗana na fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunan nan ba, nan ma ba zan rubuta shi ba.

Na yi tsit.

"Mama, karanta," in ji malama.

Ta ɗauko kofi ta sa cikin bokiti, ta fitar ta ɗora kan benci, tana jan in da on kamar mai lallashin jariri. Matan aji sun gane, sai cusa gyale suke a baki.

Na ce, "Ke ɗiyag ga, aje kofinki! On ne, na sani. Wanga yaro ne ba ni kira."

Wata ta yi mata bayani da guntun Turancinta. Malama ta riƙe baki, ta ba da haƙuri, ta goge ta sa wani suna. Hajiyar da ke bayana ta zabura: "A'a! Wanga maigidana ne." Ta sake wani, ya faɗa kan surukin wata. Duk sunan da ke littafinta akwai mai kunyarsa a ajin.

Na ce, "Malama, sa akuya. Ba wadda ta haife ta cikinmu."

Ta sa. Na karanta da ƙarfi, akuya on tabarma, akuya in ɗaki, na ƙara da cewa matar gidan nan ƙazama ce. Malama ta yi dariya har alli ya faɗi, ta ce na wuce zuwa aji biyu.

Sauran watanninta duk da akuyar nan muka yi Turanci. Akuyar ta je kasuwa, ta je asibiti, har mota ta hau zuwa unguwar Gidan Dare.