Harafin da Ya Gagari Ƙanena

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Anas, kuma a bana ne aka zo har gida neman izinin a gyara masa Hausa. Abokansa da suka kafa ƙungiyar kiɗa tare suna shirin sake rera tsofaffin waƙoƙinsa don tunawa da shi. Sun sami sabon mawaƙi, Mubarak, wani matashi ɗan Kano da aiki ya kawo shi Jidda. Abin da ya raba kawunansu kalma ɗaya ce tak, wadda Anas ya koma ga Allah bai taɓa faɗinta daidai ba. Wasu sun ce a gyara ta, wasu sun ce a bar ta yadda ya bar ta. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka ce a kai maganar gaban Umma, mahaifiyarmu, duk abin da ta yanke shi ke nan.

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife mu. Kakanninmu ne suka zo aikin hajji suka zauna, kamar sauran Hausawa da yawa a garin nan. Ni na taso kakarmu tana da rai, ita kuwa ko gaisuwar Larabci sai ta ga dama take amsawa, don haka Hausa ta zauna mini a baki. Anas ya zo a makare. Titi ne ya koya masa magana, titi kuma da Larabci yake yi. Yana jin Hausa tsaf, babu abin da ke wuce shi, amma in zai mayar sai harshensa ya harɗe. Umma za ta yi masa faɗa da Hausa tun daga falo har ƙofar gida, shi kuma ya ba ta haƙuri da Larabci, kowa ya fahimci kowa.

Ranar da na fara jin kiɗansu na ɗauka faɗa ya kaure. Wani ɗakin ajiya ne a bayan shagon kafinta a unguwar Bagdadiyya, na kawun abokinsa Majid. Sun lulluɓe bangon da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai don kada maƙwabta su ji, amma maƙwabtan suna ji. Majid na riƙe da jitar lantarki tana kururuwa. Tijjani, wanda iyayensa Hausawan Sudan ne, yana bayan ganguna. Shi a gidajen biki ya koyi hannu, da kalangu ya fara, shi ya sa ko gangunan Turawa ya zauna wa sai ka ji ƙafarka tana neman rawa. Anas kuwa yana tsakiya, siririn yaron nan da ko yaushe ake lallaɓawa saboda sikila, yana zuba magana kamar an buɗe famfo. Suka ce mini wannan shi ne haɗa rap da rok. Na ce to, Allah ya ba maƙwabta haƙuri. Amma ban tafi ba, na zauna a kan buhun garin katako har suka gama, don ban taɓa ganin ƙanena da ƙarfi irin na ranar ba.

A wancan lokacin babu dandalin da za ka hau ka yi irin wannan kiɗa a fili. Sai dai su haɗa abokai a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari, a loda ganguna a bayan akori-kura a rufe da katako kamar za a kai aiki. Masu sauraronsu na farko duk sun san juna. Wannan ya kawo ɗan'uwansa, wancan ya ɗauka a waya ya tura wa na Makka, na Makka ya tura wa na Madina. A haka suka fara, ba wanda ya ɗaure musu gindi. Ina faɗin wannan ne don 'yan baya da suke ganinsu yau a manyan allunan talla su san cewa mutanen nan sun daɗe suna kiɗa ga bangon katifa.

Sunan ƙungiyar daga bakin Umma ya fito, ba tare da ta sani ba. Kullum suka taru a gidanmu sai ta ce, "Ku dai ba ku da aiki sai tada ƙura." Anas ya riƙe kalmar. Ya ce mini ƙura ita ce mu. Tana ko'ina a gari, ba mai ƙirga ta cikin mutanen gida, a share ta ta dawo. Na gane abin da yake nufi, don shi da aka haifa a Jidda, bai san wani gari ba sai Jidda, da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, yake zaune kamar wanda ya sauka jiya. Tunanin ya burge ni, har yau yana burge ni.

Matsalar ita ce Anas bai iya faɗin ƙ ba. In ya buɗe baki zai ce ƙura, sai kura ta fito, dabbar dawa mai dariya. Rubutun ma bai cece shi ba. Da suka rubuta sunan da kaf na Larabci, mutanen Jidda suka karanta shi kora, wato ƙwallo, har wasu matasan wata unguwa suka aiko suna neman a buga wasan sada zumunci da su. Da suka canja zuwa ƙaf, aka koma kiransu gura, don haka ake furta harafin a nan. Umma ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "To madalla. Na haifi mutum, ya je ya dawo mini kura."

Shi abin bai ba shi dariya ba. Yakan bi ta kicin tana tuƙa tuwo, ya jingina da firiji yana gwadawa. Ta ce masa ya matse maƙogwaro ya saki, ya matse ya saki, sai wani sauti ya fito kamar mai kakin majina. Ta ce ba haka ba. Ya sake, kura ta sake fitowa. Wata rana ya juyo gare ni ransa a ɓace ya ce, "Wallahi ya Yaya, ni gubar nake nufi, gubar! Lesh bakina ba ya yarda?" Gubar ita ce ƙura da Larabci, lesh kuma don me. Na ce masa to ya faɗa da Larabcin mana, ya huta. Ya ce a'a, kalmar Umma ce, da harshen Umma zai faɗe ta.

Waƙar da ta fitar da su duniya kusan duk Larabci ce, sai amshinta da ya dage sai an yi da Hausa: mu ne ƙurar Ruwais, a share mu da safe, mu dawo da yamma. Ya maimaita ɗaukar wannan layi har Majid ya gaji ya ajiye jita, amma abin da ya shiga faifai shi ne kurar Ruwais. Suka saka ta a intanet, ta kama kamar wutar kara. 'Ya'yan Takari, wato irinmu jikokin alhazan Afirka, suka ji an yi magana da bakinsu, 'ya'yan Jawa, wato Indonesiya, da na Yaman da aka haifa a nan su ma suka ce da su ake. Da Tijjani ya yi suɓul da baka ya gaya wa masoyansu ma'anar kura, sai ga hoton kura a riguna da bayan motoci. Anas ya ga rigar farko ya kama kai. Ya ce ya yi waƙa a kan marasa ƙarfi, an mayar masa da ita ta masu haƙora.

Ciwonsa bai bar shi ya ga ƙarshen abin ba. Akwai lokutan da a zaune yake waƙa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, muryar kuwa ko gezau. Ya rasu daidai lokacin da ƙofofi suka fara buɗewa, aka fara barin makaɗa su hau dandali a fili. Wasansu na farko a bakin teku ba shi a ciki. Na je. Jama'a iya ganinka, maza da mata, da yara a kafaɗun iyayensu. Da aka zo amshin, Majid ya juya makirfo wajen mutane, sai na ji Larabawa da Indiyawa da mutanen da ba su san inda Kano take ba suna rera Hausa da ƙarfinsu, kowa da kurarsa a baki. Na yi kuka a wurin, kukan alfahari da na kewa a haɗe.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Gidanmu na Ruwais babu shi, mun koma wani bene a unguwar Safa inda maƙwabci ba ya sanin maƙwabci sai a lif. Abokansa suna da situdiyo mai sanyi, ba mai ɓoye ganga a ƙarƙashin katako. Na san zai yi murna da wannan. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji da ya karanta abin da wasu 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar suke rubutawa a ƙarƙashin waƙar. Da yawa yabo suke yi. Wasu kuwa tsiya suke yi masa, wai Bahaushen da bai san bambancin ƙura da kura ba ya je ya ci tuwo tukuna.

A nan gardamar ta samo asali. Majid ya ce shi ya ga yadda Anas ya sha wahala a kan harafin nan, ya ga kunyar da yake ji, don haka gyarawa cika masa buri ne. Tijjani ya ce waƙar ta riga ta fita daga hannunsu, mutane da kura suka san ta, ba a yi wa mamaci gyaran baki. Ni ina bayan Majid, kuma ban ɓoye ba. Na gaji da ganin ana yi wa ƙanena dariya a wurin da ba zai iya ramawa ba. Na kuma tabbata Umma tana tare da mu, tunda ita ce ta fi kowa naci a kan gyaran tun yana raye.

Suka zo bayan la'asar, su uku. Na kawo shayi da dabino. Mubarak ya durƙusa ya gaida Umma irin gaisuwar da ta daɗe ba ta ji ba, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya yi mata ta'aziyyar da shekara bakwai ba ta sa ya ga ta tsufa ba. Fuskarta ta washe. Ta shiga tambayarsa unguwannin Kano da ta ji a bakin mahaifiyarta, ita da ba ta taɓa taka garin ba. Majid ya kalle ni ya yi murmushi, alamar magana ta ƙare.

"Yalla, ya Mubarak," in ji Majid, "rera wa Umma ta ji."

Ya rera ba kiɗa. Muryarsa tana da kyau, ba zan rage masa ba. Ƙurar ta fito garau, irin yadda Anas ya so ta fito tsawon rayuwarsa. Umma ta sunkuyar da kai tana juya kofin shayi a hannunta.

"Hausarka ta fita, ɗana," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Tijjani ya fara gyara zama. Sannan ta ɗago.

"Amma wannan waƙar wani ce. Ban ji Anas a ciki ba."

Majid ya ce, "Ya Umma, shi da kansa yake so a gyara, wallahi."

"Na sani. Shi zai gyara, ba ku ba. Tunda bai samu ya gyara ba, halas, shi ke nan, a bar mini shi yadda yake." Ta juya ga Mubarak. "Za ka iya faɗin ta yadda yake faɗa?"

Abin dariya, bai iya ba. Bakin Bakano ya ƙi yarda ya ɓata kalmar a tsakiyar waƙa, ko ya yi niyya sai ƙ ta kufce masa. Umma ta ce ya saurara, ta faɗa masa ita da kanta. Abin da ya fito daga bakinta ba kura kawai ba ce, muryar Anas ce, da jan wasalin da yake yi, da ɗan Larabcin da ke manne a ƙarshe. Majid ya tashi ya fita baranda. Ni ma ban iya kallon kowa ba.

Na sha kaye, kuma ban ji haushi ba. Na yi ta neman abin da ya rage na Anas a manyan abubuwa, a taron jama'a, a sunan ƙungiyar da ya kafa, a matasan da suke cewa shi ya sa suka daina jin kunyar yin Hausa a titi. Duk waɗannan suna nan, kuma ina alfahari da su. Sai dai ko wane mawaƙi mai murya zai iya ɗaukar waƙoƙinsa ya rera, wani ma ya fi shi. Abin da babu mai iya ɗauka shi ne wannan tuntuɓen harshe na yaron da ya nace sai ya yi magana da yaren uwarsa ko da za a yi masa dariya. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara.

Tun rasuwarsa Umma ba ta taɓa yarda a kunna waƙarsa a gabanta ba. Bayan baƙin sun tafi ta miƙo mini wayarta ta ce in saka mata ta asalin, wadda ya rera da bakinsa. Yanzu takan kunna ta da hantsi in tana gyaran wake. Ta ce har gobe jitar Majid ciwon kai take sa ta, kuma Larabcin ya yi mata sauri ba ta kama rabinsa. Takan daure ta bar shi ya yi ta zuba, hannunta na cikin tire. In an kusa amshi sai hannun ya tsaya, tana jiran ɗanta ya yi kuskurensa.