Shanun Kawu a Baƙin Allo

Kwamfutar gidanmu a unguwar Zongo ta kawuna ce, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin shanu. Bai yi boko ba, amma ya san inda zai danna ya ga hotunan dabbobin da makiyayansa ke aiko masa daga arewa. Ni kuma a lakwal, wato makarantar boko, aka ce sai mun koyi wani tsarin sarrafa kwamfuta daban. Na roƙe shi, na raba cikinta biyu, na zuba sabon tsarin a gefen tsohon.

Aka yi watanni lafiya lau. Wata safiya wani Alhaji daga Nijar ya zo ganin bijimin da yake son saye. Kawu ya kunna kwamfuta, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai ɗan rubutu fari da wani ɗigo yana ƙyaftawa. Ashe tsohon tsarin ya sabunta kansa, ya share abin da ke nuna wa kwamfutar inda za ta shiga in an kunna ta.

"Kai, ina shanuna?"

"Suna ciki, Kawu. Ƙofar ce ta ɓace."

Alhaji ya yi wa Kawu jaje sosai, har da addu'a.

Na hau zemijan, wato acaba, zuwa kasuwar Dantokpa, wurin wata abokiyar karatuna da ke taya uwarta sayar da atamfa. Ta zuba mini tsarin gyara a kile, abin da 'yan Najeriya ke kira filas. Na dawo na tayar da kwamfutar daga kilen, ina kwafar umarni daga wayata, su biyu suna tsaye a kaina. Alhaji ya ce a shanya ta a rana. Kawu ya ce a cire batir a hura.

Karon farko ta ƙi. Da na sake, sai ga layi biyu sun fito, na sabon tsari da na tsohon, a zaɓi ɗaya.

"Wanne ne nawa?" in ji Kawu.

"Na ƙasa."

"A kwamfutata nake ƙasa?"

Bai yarda an ci gaba ba sai da na mayar da nasa sama.

Bijimi ya bayyana. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya taɓe baki.

"Ya ɗan rame fa."

Kawu ko gezau bai yi ba. Ya nuna ni da haɓa.

"Ina zai yi ƙiba, Alhaji? Tun safe wannan ya kulle shi, ba ci ba sha."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, kuma ya sayi bijimin.