Ankon Lamba Talatin da Takwas

In kun taɓa zuwa Hyattsville ta nan Amurka neman daddawa ko busasshiyar kuɓewa, to kun wuce ta ƙarƙashin tagar Hasiya mai ɗinki. A saman shagon kayan miyar nan take haya, ita da kekunanta biyu da talabijin ɗin da bai san wata tasha ba sai ta ƙwallon kwando. Mutuniyar Gusau ce. Mijinta, Allah ya jiƙansa, direban tasi ne, shi ya saba mata da sauraron wasa a rediyo, kuma a bakin masu sharhi ta tsinci Turancinta. Shi ya sa har yau in ta je ganin likita take masa bayani da ƙarfi da sauri, kamar ana shirin tashi daga wasa.

Ƙungiyar garin nan take bi, wadda ta daɗe tana shan kashi. Masu ita sun ce sabon gini suke yi: a sallami manya, a tara yara, a jira su girma. Babba ɗaya ya rage, wani dogo mai furfura a gemu, lamba talatin da takwas. Hasiya ta raɗa masa suna Kawu. Ba ya yawan zura ƙwallo. Aikinsa tare hanya, da cafke wadda ta ƙi shiga, da jan kunnen yara in sun ruɗe.

Bana ƙungiyar matanmu ta yanke a je kallon wasa gaba ɗaya, kuma kun san mu, ba ma fita babu anko. Aka fitar da atamfa mai launin ƙungiyar ƙwallon, Hasiya ta ɗinka, ta yi wa kowace surfanin lambar Kawu a hannun riga. Kowa ta karɓi tata ba ƙorafi, don ba wadda ta san 'yan wasan.

Sai ga Yusha'u, ɗan ƙaninta mai aiki a gidan rediyo, ya hawo sama da waya a hannu.

"Gwaggo, ki warware lambar nan tun da wuri. Ana ta cewa za a ba da mai ita kafin a rufe musayar 'yan wasa."

"A ba da shi a karɓi wa?"

"Damar zaɓen sabon yaro, baɗi ko baɗin baɗaɗa."

"Wato a ba da mai gemu, a karɓi wanda yanzu haka uwarsa ke wanke masa safa?"

"Bai dace da tsarin ba ne. Kafin yaran su ƙware, gwiwarsa ta gama aiki."

"Wa zai ƙwarar da su? Kai? Kai da ko ɗankwali na jefa maka sai ya faɗi ƙasa?"

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma wata ta tuno cewa Hasiya ta taɓa ɗinka lambobin 'yan wasa biyu a huluna, kuma dukansu an yi waje da su. Nan da nan magana ta zaga: allurar Hasiya farar ƙafa gare ta, duk wanda ta taɓa ba ya zama. Da wasa aka fara. To amma kayan amare su ne abincin Hasiya, kuma wace uwa ce za ta kai kayan 'yarta ga allurar da ba ta barin mutum ya zauna? Tayyiba, shugabar matan, wadda ta yi alkawarin kawo kayan auren 'yarta Ilham, sai aka ji ta shiru. Da Hasiya ta kira ta, cewa ta yi, "Yaya Hasiya, ki cire lambar kawai, magana ta mutu."

"In na warware zare ɗaya, na yarda ke nan ni na kore shi. Ba zan warware ba."

Aka kuwa ba da Kawu. Mata suka yi ta tafa hannu suna "kun gani ko?" Hasiya ta sa Yusha'u ya duba mata ranar da sabuwar ƙungiyar Kawu za ta zo wasa garin nan, sannan ta aika wa matan saƙon murya: "Ɗinki ba shi da laifi. Rana za a sake. Mai zuwa ta zo, wadda ba ta zuwa ta ajiye rigarta, ni ko ni kaɗai zan shiga jirgin ƙasa in tafi."

Fiye da rabi suka noƙe. Sauranmu muka bi ta, har da Tayyiba, wadda ta ce ita dai ta zo ne kar a ce shugaba ta gudu. Da aka hasko Kawu a babban allo ana masa maraba, Hasiya ta miƙe ta rangaɗa guɗar da ta sa Turawan gabanmu dafe kunne. Ya waigo, ya ga jerin mata sanye da launin tsohuwar ƙungiyarsa da lambarsa a hannu, ya dafa ƙirji. Wasa ya zo ƙarshe, yaranmu suka ruɗe kamar kullum, ba mai tsawata musu. Hasiya ta nuna filin ta ce da Yusha'u, "Ga tsarinka nan."

A jirgin komawa Tayyiba ta matso kusa da ita. "Yaya, yaron nan da ba ya ba kowa ƙwallo, ko za ki ɗan ɗinka mana lambarsa a huta?"

"Allurata ba ta kora, Tayyiba. Ki kawo kayan Ilham ranar Asabar. In kuma tsoro kike ji, ki kai wa masu rage tsawon wando."

Ranar Asabar aka kawo kayan. Da rigar ankon a jikinta Hasiya ta auna amarya.