Tie Shulan, Wadda Ba Ta Yarda da Idon Kyamara Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, ina gaban injin goge gilashi aka kira ni a waya cewa Yaya Tie Shulan ta rasu a gidanta da ke Xi'an, bayan jinyar kwana shida. Shekararta sittin da huɗu. Yau kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗakin awo sai in fito, in na fito sai in koma.

Yaya Tie, shekara ashirin da biyu muka yi a ma'aikata ɗaya. Ni ina goge madubin na'urar hangen taurari, ke kina auna abin da na goge. Da haske kike awon: a raba shi biyu, rabi ya bugi madubi ya dawo, a haɗe su, sai layuka baƙaƙe da farare su fito. In sun miƙe, madubi ya yi. In sun karkace, da gyara. Kyamara ke ɗaukar layukan, ke kuwa ba ki taɓa yarda da ita ba. Kullum sai kin ce, "Wannan aba, in haske ya yi yawa ta makance, in ya yi kaɗan ta yi barci."

Ba zan manta da babban madubin nan ba, mai faɗin mita biyu. Wata talatin ina kansa. Da aka ɗauki hotonsa, tsakiya ta fito fara fat, gefe kuma duhu, layuka sun dagule. Manaja Kang ya yanke cewa na lalata gefen, a ba wani ya sake aikin, ni a mayar da ni sito. Aka kawo miki takarda, kika ƙi sa hannu.

Ya ce, "Injiniya Tie, na'ura fa ce ta faɗa."

Kika ce, "Na'urar ce ba ta gani, ranka ya daɗe. A ba ni mako uku."

Dabararki ita ce a ɗauki hoto uku maimakon ɗaya: na farko a ƙiftawar ido saboda inda haske ya yi yawa, na biyu a ɗan daɗe, na uku a daɗe sosai saboda inda ya yi duhu, sannan a haɗa su wuri guda. A baki abu ne mai sauƙi. Amma tsakanin hoto da hoto, ko mota ce ta wuce a titi sai layukan su gusa. Kika sa kowa ya cire takalmi. Kika je kicin kika hana su kunna injin kwaɓa fulawa, har mai dafa mana abinci ya rantse zai ajiye aiki. Ke kanki ba ki zauna ba, kina kai da kawowa a baranda da safa, kina magana ke kaɗai.

A rana ta goma sha bakwai layukan suka fito tsaf, daga tsakiya har gefe.

Ba ki je wurin manaja ba sai da kika ja ni shagon miyar rago. Muna gutsuttsura gurasa a kwano kika ce, "Ding, ƙanena, gefenka lafiya lau. Amma akwai ɗan tudu a tsakiya, haske ne ya ɓoye shi. Kuma aikin hannunka ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ai da kin bar shi yadda yake!"

Kika ce, "In bar shi a kai shi wurin hangen taurari a kan dutse ya yi shekara talatin yana yi wa mutane ƙarya? Sha miyarka, sarkin fushi. Wata biyu ya ishe ka."

Kika faɗa wa manaja gaskiyar duka biyu, kika tsaya kai da fata sai ni zan gyara. Mako bakwai na yi. Madubin na can yana aiki. Yau kowa a ɗakin awo da dabararki yake aiki, har waɗanda ba su san sunanki ba. Ni kuwa sai da na yi wata guda ba na gaishe ki. Daga baya muka koma wasa da dariya, amma ban taɓa buɗe baki na ce na gode ba. Wannan shi ke cin raina.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarki na je duba ki, na shirya maganar tun a hanya. Ina zama kika hau tambayata labarin sabuwar kyamara. Na ce, "Yaya, akwai abin da nake so in faɗa miki." Kika ɗaga hannu kika ce, "Bari sai Laraba. Ka zo min da hotunan."

Ranar Larabar muka kai ki makwanci.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya karɓi aikinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, Malam Hai Zhenbang, da 'yarsu Hai Ruoyun, da jikokinta biyu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu kuma ya kyauta namu ƙarshen. Amin.

Ding Wenke
Sashen goge gilashi, Xi'an