Kiɗan Ban Ruwan Dabino

Ko na manta komai, ba zan manta ranar da aka zo ganina a gidanmu na Aziziyya ba, abin da mutanen Madina ke kira shofa. Lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da alhazai ke kawo wa gwaggona daga Kano.

Manemin ɗan abokin babana ne, Bahaushen Sudan, yana kula da wata gonar dabino a Awali. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da ya kai mu gonar ni da gwaggo a motarsa. Bai ce mini uffan ba. Sai dai ya kunna wani kiɗan Turawa marar waƙa, goge masu yawa da sarewa da ƙaho, wannan ya shigo wancan ya ja baya. Ni kuwa na fassara shi tsaf: gogen shi ne, sarewar ni ce, kunya ce ta hana shi faɗa da baki. Mako uku ina raya wannan a raina, har na nuna wa gwaggo na amince.

Ran shofa, da na ajiye gahawa, babana ya ce in ina da tambaya in yi. Na tambayi manemin labarin kiɗan. Ya ce na wani Bature ne da ya rayu wajen shekara ɗari uku da suka wuce, kuma cikin waɗanda ya tsara da tsufa ne, shi ya sa babu gaggawa a ciki. Wani likita mai sayen dabino ne ya tura masa.

"To me ya sa ka sa mana shi ran nan?"

"Wallahi ya bint ammi, 'yar'uwa, sabo ne kawai. Da shi nake ban ruwa. Ina buɗe famfo sai in kunna. In ƙaho ya shigo, ruwa ya kai dabino na bakwai. In ya ƙare, khalas, shi ke nan, sai layi na gaba."

Babana ya yi dariya har da tari, ya ce wannan tsoho ya fi agogo amfani. Ni ban yi ba. Washegari na ce ba na so. Aka nemi dalili, na rasa wanda zai faɗu, babana kuma bai matsa ba. Kafin kakar dabino ta zagayo manemin ya auri wata 'yar unguwarsu.

Yanzu nakan saurari kiɗan ina guga, in ji kowane abin kiɗa na jiran lokacinsa, ba na jin kowa yana kiran kowa. Abin da na koya shi ne, namijin da ƙarya ɗaya za ta ba shi mata amma ya faɗi gaskiya, ba a tashi a bar shi don amsarsa ba ta yi kama da ta littafi ba.