Jiƙon da Ban Faɗa wa Likita Ba

Likita ya fito daga ɗakin tiyata ya tambaye ni, "Ban da ƙwayoyinmu, me Mama take sha?"

Na ce, "Jiƙon saiwoyi ne kawai, na ƙarin jini. Ni nake sayo mata a kasuwar Sabon Gari."

Ya ce, "Da kin faɗa, da mun ɗaga aikin. Wani jiƙon ba ya shiri da allurar barci."

Aikin maƙoƙo aka yi wa mahaifiyar tawa, ina ɗaliba a Samaru, kusan shekara ashirin ke nan. Ba ta farka ba.

Nas ta tambaye ni kafin a shiga da ita ko akwai wani magani da take sha, na ce babu, don ban ɗauki jiƙo magani ba.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma wanda ya san yadda mutum yake yafe wa kansa, don Allah ya gaya mini.