Ranar da Hiske Ta Nemi Auren Duk Wata Marrit

Hiske Boonstra 'yar manomi ce daga wani ƙauye kusa da Bolsward. Ubanta shanu yake tatsa, kakanta ma haka, ita kuwa ba abin da ya haɗa ta da shanu sai wayar lantarkin da aka kewaye wurin kiwo da ita. In wayar ta tsinke ita ake kira. In rediyon kicin ya fara shaƙewa ita ke kwance shi, wani lokaci ma lafiyarsa ƙalau take kwance shi. Da ta gama makaranta ta shiga aikin ja wa mutane wayar tarho, ta yi shekaru tana hawa tsani cikin ruwa da iska, har gwiwarta ta hagu ta ce ta gaji. Daga nan ta dawo kamfaninmu na sayar da kekuna da ba da hayarsu, aka ba ta tebur kusa da nawa a hedikwata, a Leeuwarden.

Lokacin da ta zo, kowane reshe da nasa waifai, wato intanet mara igiya, kowane manaja da tasa dabarar. In na Dokkum ya mutu sai ta jefa tsani a mota ta tafi Dokkum. In na tsibiri ne, ta bi jirgin fito, ta sha jiri a hanya, ta danna maɓalli guda ta juyo. Ita ta tasa manya a gaba har aka sayo tsarin da ya haɗa komai wuri ɗaya. Aka manna fararen na'urori masu kama da faranti a silin ɗin kowane shago, dukansu suna karɓar umarni daga uwar na'ura guda da ke ofishinmu. Daga kujerarta tana ganin rassa duka a allon kwamfuta, kowanne da ɗigonsa, kore lafiya, ja matsala. Tana iya canza kalmar sirrin reshen Sneek, ta tayar da na tsibiri in ya suma, ba tare da ta ajiye kofinta ba.

Mulkin nan ya yi mata daɗi. Sai ta jingina, ta ɗora ƙafa kan kwandon shara, ta jefa baƙar alewa mai gishiri a baki ta ce, "Sietse, dubi talakawana. Kowa kore shar!" In manaja ya kira da ƙorafi, kafin ya gama gaisuwa ta tare shi: "Na gani. Wa ya aike ka ka zare wayar? Mayar." Dariyarta kuwa har hawa na ƙasa ake jin ta.

Wata Juma'a cikin watannin zafi, lokacin da masu yawon hutu suka cika shagunanmu, sai ga kiran Wybren, makanikin kekuna na reshen Harlingen. Dogo ne, ya haura arba'in, magana tana yi masa wuya kamar haƙori ake cire masa. Hiske ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Hiske, wata alfarma nake nema."

"In ka sake fesa wa na'urata ruwa ne, babu."

"A'a. Sunan nan da ke fitowa a wayar mutane in sun buɗe waifai. Ana iya canza shi?"

"Ni ke sawa, ni ke cirewa. Me ya faru?"

Ya yi gyaran murya har sau biyu. Can ya ce, "Marrit ce, mai karɓar kuɗi a shagonmu. Mun daɗe tare. Kullum in na buɗe baki zan tambaye ta, sai maganar taya ta fito. Da tsakar rana takan zauna ta buɗe wayarta. Na ce ko..."

Hiske ta buga tebur har alewarta ta watse. "Kai, Wybren! Ashe ruwa mai sanyi ne kai, ana raina ka kana cin mutum! Me zan rubuta?"

"Marrit, za ki aure ni?"

"Gurbin gajere ne fa, sunanka ba zai shiga ba."

"Ba komai. Za ta gane."

Hiske ta hau sama da ɗingishinta ta sami shugabarmu, Aukje Postma, mace mai tsare gida. Aukje ta cire tabarau ta ce, "Harlingen kaɗai, na ɗan lokaci kaɗan, kuma ban ji ba ban gani ba."

Da rana ta take, Hiske ta rubuta kalmomin. Ni ina kaɗa mata ganga a kan tebur, ita tana rera waƙar biki da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. A gefen allon akwai wurin da ake zaɓen reshen da umarni zai tafi. Da safe ta aika wani gyara zuwa rassa duka, zaɓin yana nan yadda ta bar shi, ba wanda ya duba a cikinmu. Ta danna. Ɗigogi suka ɗan yi ƙyafta, suka koma kore. Muka tafa.

Wayar farko daga Dokkum ta zo, daga manajan can, Wopke.

"Hiske! Wane mara kunya ne yake neman auren matata a cikin shagona?"

Hiske ta dube ni, na dube ta. Matar Wopke sunanta Marrit. Ta juya ga allon, ta ga abin da ta yi, ta dafe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa.

"Ga ta nan ta kawo mini abinci," in ji Wopke, "tana ta murmushi tana leƙen kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. Wai a bar ta ta ga mutumin tukuna!"

Kafin ta amsa ɗaya wayar ta ɗauki ƙara. Sneek ce. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a can tana magana tana haki. Wata dattijuwa mai suna Marrit ta kawo kekenta gyara tare da Gosse, tsohon da suke zaune gida ɗaya tun gashinsu bai yi fari ba, ba su taɓa ɗaura aure ba. Ta buɗe waya tana jira, ta ga rubutun, ta fashe da kuka, ta rungume shi tana cewa ta yarda.

"Shi fa?" in ji Hiske.

"Ya tsaya riƙe da famfon taya. Ya ce shi ko waifai bai iya kunnawa ba. Sai kuma ya dube ta ya ce, to ai tunda kin yarda, shi ke nan. Yanzu shago duka tafi ake yi!"

Daga tsibiri aka ce baƙi sun yi cincirindo a ƙofa, wani Bajamushe ya hau benci yana kiran "Marrit! Marrit!" ko za a dace. Hiske hawaye take yi don dariya, hannunta ya kasa riƙe linzamin kwamfuta. Tana shirin goge rubutun sai ga Aukje a bakin ƙofa, wayarta a hannu, don hedikwata ma saƙon bai tsallake ta ba.

"Harlingen kaɗai na ce, ko?"

"Haka kika ce."

"To ita mai abin ta gani?"

Muka kira Wybren. Daga ɗakin ajiya ya amsa, yana raɗa. Marrit ɗinsa ta bar wayarta cikin aljihun rigar ruwa, tana waje tana cin soyayyen kifi a rana, hankalinta kwance. Duk lardin ya san ana neman aurenta sai ita.

Aukje ta cije leɓe, ta yi ƙoƙari, abin ya fi ƙarfinta. Ta zauna a kan teburina tana dariya ba sauti. "Bar shi," ta ce. "Ɓarnar ta riga ta faru, a ci ribarta."

Yayar Marrit ce ta warware zancen. Ta shiga reshen Drachten sayen fitilar keke, ta gani, ta kira wayar shagon Harlingen. Wanda ya ɗauka ya leƙa waje ya ƙwala wa Marrit kira. Daga baya ya ba mu labari: ta saurara, ta ce "A Drachten? Ni wa na sani a Drachten?" Ta ɗauko wayarta ta duba. Sannan ta ɗaga kai ta ga Wybren a ƙofar ɗakin ajiya, fuska ja wur, ya rataya taya a wuya bai ma sani ba.

Ta sake duban wayarta. Lambarmu ta buga.

"Hiske, ke ce da wannan aikin?"

"Hannuna ne, amma bakin wani ne."

"Na gane bakin. Ki rubuta masa amsa. Ki ce, Wybren, na yarda."

"Harlingen kaɗai?"

"Ina! Yadda aka tambaye ni a gaban kowa, haka zan amsa."

Hiske ta dubi Aukje, Aukje ta ɗaga kafaɗa. Wannan karon da gangan ta zaɓi rassa duka, ta miƙe tsaye ta danna da ɗan yatsa ɗaya. Ta cikin wayar muka ji ihun Harlingen, da ƙarar wani abu da ya faɗi, aka ce Wybren ne ya ture jeren kekuna.

Aure biyu aka ɗaura a kakar nan, Hiske ta ci kek mai ruwan hoda a duka biyun. A na Sneek, tsoho Gosse ya gabatar da ita ga danginsa da cewa ga matar da ta yi masa baki. Wopke kuwa sai da ya kai matarsa cin abinci a bakin teku kafin ta daina ce masa ita fa tana da masu so. Roƙo ya yi ta zuwa daga rassa, wannan ranar haihuwa, wancan ban haƙuri ga budurwa, Hiske ta ƙi su duka. Ta ce ita ma'aikaciyar waya ce, kowa ya je ya buɗe bakinsa.